Katin Mai Agogo

Shekarunsa sittin da huɗu, mai gyaran firji ne, kuma shi kaɗai ya rage a wata ƙungiya ta mutum uku wadda ba ta taɓa yin taro a ko'ina ba sai a kan benci. A layinsu Baban Firji ake ce masa. Mutum ɗaya ne kawai yake kiransa Gaggawa, shi ma yanzu bakinsa ba ya iya fitar da sunan gaba ɗaya.

Shagonsa yana layin baya na kasuwa, inda masu gyare-gyare suke. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe, an raba shi biyu da katako. Daga gaba firjin mutane ne a tsaitsaye, wasu babu ƙofa, wasu an kwance musu baya, ga tukunyar gas, ga bututun jan ƙarfe a naɗe a jikin ƙusa. Bayan katakon, inda ba kowa yake shiga ba, akwai tebur mai ƙafa ɗaya gajeriya da aka tokare da kwali. A kansa akwatunan kwamfuta biyu ne, duk an cire musu murfin gefe. Ba a buga takarda da su, ba a kallon fim. Domin lissafi aka haɗa su, kuma sun yi fiye da shekara goma suna yinsa.

Ga yadda abin yake. Wasu masu bincike a wata jami'a mai nisa suna son sanin yadda wani sinadari mai suna furotin yake naɗewa a jikin ɗan'adam, domin idan ya naɗe ba daidai ba yana jawo cututtuka. Lissafin ya fi ƙarfin kwamfutocinsu, sai suka yayyanka shi ƙanana, suna tura wa duk wanda ya yarda ya ba da aron kwamfutarsa ta intanet. Taka ta karɓi yanki, ta yi, ta mayar, a ba ta wani. Ba a biyan kowa. Maki ake rubutawa a gaban sunanka, a wani allo da duk mai intanet zai iya buɗewa. Abin da ya fi saurin wannan lissafi a cikin kwamfuta shi ne katin hoto, wani faifai mai fanka a jikinsa, tsawonsa bai wuce tafin hannu da rabi ba, wanda asali domin masu wasan kwamfuta aka ƙera shi. Kamfani yana sa wa kowane kati iyakar gudu. Mai kati yana iya ture wannan iyaka, ya ƙara masa gudu, muddin zai iya da zafin da zai biyo baya. A layin baya, zuga suke ce wa wannan.

Mai Kafe ne ya kawo abin layin. A lokacin wayar hannu ba ta cinye komai ba, kafensa na intanet yana cika da ɗalibai masu neman gurbin karatu da masu aika saƙo ga 'yan'uwa a ƙasashen waje. Idan ya tashi aiki ba ya kashe manyan kwamfutocinsa biyu, sai ya bar su da wannan lissafi. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta fara mutuwa da kanta, ya leƙo shagon Baban Firji.

"Yaya, kai da kake sanyaya wa mutane ruwa da nama, ba za ka sanyaya mini wani abu ba?"

"Mene ne?"

"Kati ne. Zazzaɓi yake yi."

"Ka kai shi asibiti mana."

"Ai asibitin ne na zo."

Baban Firji ya je ya ɗora bayan hannunsa kusa da katin, ya janye da sauri. Ya koma shago, ya ciro fanka daga jikin wata matacciyar firiza, ya yanke gwangwani ya yi mata hanyar iska, ya ɗaure da waya. Lambar zafin da ke jikin allo ta fara sauka a gaban idonsa. Mai Kafe ya jira ta tsaya, sannan ya kama wani ɗan maɓalli a allon ya ja shi dama. Ƙarar fanka ta tashi, wata lamba ta hau.

"Me ka yi?"

"Zuga shi na yi. Sanyin da ka ba shi ne na mayar gudu."

"In na ƙara sanyi fa?"

"In ƙara gudu."

Baban Firji ya ce a ranar bai gyara firjin kowa ba. Shekara ashirin yana sanyaya abubuwa domin kada su lalace, bai taɓa ganin sanyi ya koma gudu ba sai ranar. Kafin wata ya ƙare ya haɗa tasa kwamfutar daga tsofaffin kayan da Mai Kafe ya daina amfani da su.

Na uku shi ne Mai Agogo, wanda bango ɗaya ya raba shagonsa da na Baban Firji. Dogon mutum ne siriri, ya girmi Baban Firji da shekara biyar, kullum da gilashin ƙara girma a maƙale a ido ɗaya. Ba a taɓa ganinsa yana sauri ba, ko ruwa ake yi. Ya daɗe yana jin su biyun suna cika benci da zancen maki da digiri. Rannan ya cire gilashin ya yi tambaya ɗaya.

"Idan katin ya yi kuskure, wa zai sani?"

Mai Kafe ya yi masa bayani. Kowane yanki mutum biyu ake tura wa, waɗanda ba su san juna ba. Idan amsarsu ta zo ɗaya, an karɓa. Idan ta saɓa, a tura wa na uku, wanda aka samu da kuskure a ɗiga masa jar alama a gaban sunansa. Kati idan aka zuga shi ya wuce kima ba lallai ya mutu ba, sai ya ci gaba da lissafi yana ɓata amsa, mai shi bai sani ba.

"To wannan aiki ne," in ji Mai Agogo. "Ku samo mini ɗaya."

Suka sa wa ƙungiyar suna Layin Baya. A allon, sunan wanda katinsa yake mayar da aiki a kan kari kore ne. Wanda ya daina, sunansa sai ya dushe, ya koma launin toka. Jar alama kuwa idan ta hau ba ta gogewa.

Tun ranar farko hanyarsu ta rabu. Da aka nuna wa Mai Agogo maɓallin gudu, hagu ya ja shi. Ya rage wa katinsa gudu ƙasa da abin da kamfani ya sa, ya ce abin da zai yi aiki ba hutu bai kamata a cika masa ciki ba. Baban Firji kuwa kullum yana neman inda bangon yake. Zai ƙara kaɗan, ya zauna yana kallon lambar zafi, ya ƙara kaɗan, har sai allon ya fara fitar da ɗige-ɗige, sannan ya ja baya da ƙyar, kamar wanda ake ƙwace wa abu. Makinsa ya ninka na Mai Agogo. Jajayen alamominsa kuwa shi kansa ya daina dubawa.

Da yamma, idan kasuwa ta lafa, a benci ake yin shari'ar.

"Gaggawa, yau nawa ka ɓata wa bayin Allah?"

"Uku. Amma na kai musu arba'in masu kyau. Kai fa, Alhajin Sannu?"

"Goma sha biyu. Ba wanda aka sake."

"Goma sha biyu! Katinka barci yake yi, ka taɓa shi ka ji ko yana numfashi."

"Yana numfashi. Naka ne yake haki."

Mai Kafe yana tsakiya yana dariya, wani lokaci ya goyi bayan wannan, wani lokaci wancan, gwargwadon wanda ya sayi shayi.

Baban Firji yana ba da labarin shekarun nan da murya daban. A lokacin, in ji shi, layin cike yake: mai gyaran rediyo, mai ɗinkin takalmi, mai yanka makulli, duk sun san akwai wani abu da ake kira maki, kuma duk suna tambaya ko an hau. Akwai shekarar da aka yi gasa tsakanin ƙungiyoyi, Layin Baya ta shiga cikin dubu na farko. Mutum uku a bayan kasuwa suna gaban ƙungiyoyin da ke da mutum ɗari. Akwai wata ƙungiya da ke daf a gabansu da tazara kaɗan, ba su san ko su waye ba, ko a wace ƙasa suke, amma sun tsane su kamar maƙwabtan da suka toshe musu magudanar ruwa. A makon ƙarshe na gasar Baban Firji ya ɗauki kwamfutarsa gaba ɗaya ya sa a cikin firizar wani mai sayar da kifi da aka kawo gyara, ya fito da wayoyi ta bakin murfi, ya ja maɓallin har ƙarshe.

Da yake ba ni wannan labari, na tambaye shi ko bai san za ta yi gumi ba, shi da aikinsa ke nan.

"Na sani sarai," in ji shi. "Lissafina shi ne kafin ruwan ya taru mun wuce su."

Ba su wuce su ba. Ruwa ya taru a kan katin, ya yi wata 'yar ƙara, ya mutu. Mai kifi ya zo ya tarar da kwamfuta a inda kifinsa yake kwana, ya tsaya yana kallo, ya ce shi dai a ba shi firizarsa.  Washegari Mai Agogo ya zo da ƙaramin ƙyalle fari ya miƙa wa Baban Firji, ya ce a lulluɓe mamacin.

Kati uku Baban Firji ya ƙona a rayuwarsa. Mai Agogo kati ɗaya ya taɓa mallaka. A shekara ta huɗu fankar katin ta fara kuka. Kowa ya ce a sayo sabuwa. Shi kuwa ya kwance ta a kan teburinsa da hantsakin agogo, ya wanke, ya ɗiga mata man agogo da bakin allura, ya mayar. Kukan ya tafi, amma ta dawo da wata ƙaramar ƙara da ba ta da ita a da, tik, tik, tik, a hankali, kamar ta koyo daga agogunan da ke rataye a bango. Ta cikin katangar da ta raba shagunan Baban Firji yana jinta. Ya ce idan aka ɗauke wuta, batir ya karɓa, ba fitila yake dubawa ba, kunne yake kasawa. In ya ji tik, to komai lafiya.

Akwai lokacin da Baban Firji ya kai kwamfutarsa gida. Matarsa, wadda yake kira Umman yara, ta sa mata suna tanda. Ta yi mita wata guda a kan zafi da ƙara, sannan damina ta zo, ta gano cewa safa da rigunan makarantar yara suna bushewa a bayan akwatin kafin a gama karin kumallo. Daga nan ta ɗaura igiya a wurin. Ranar da ya mayar da kwamfutar shago, ita ce ta tambaya ina aka kai mata tandarta.

Layin ya fara raguwa a hankali. Waya ta shigo hannun kowa, kafe ya koma wurin da ƙuda ya fi mutane yawa. Mai Kafe ya sayar da kujeru, ya koma wani gari wurin ɗansa. Sunansa ya dushe a allo, shi ne na farko. Mai rediyo ya rasu. Shagon mai makulli ya koma na sayar da murfin waya. Benci ya rage mutum biyu, amma shari'ar ba ta canza ba. Mai Agogo yana da abu biyu da yake taƙama da su, kuma bai ɓoye ba: sunansa bai taɓa dushewa ba, kuma ba a taɓa ɗiga masa ja ba. A duk allon, in ji shi, a nemo masa mutum goma irinsa.

Shekara uku da suka wuce ya faɗi a shago, gilashin yana idonsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta koma guntu-guntu. 'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa yake kira Auta, ta ɗauke shi zuwa gidanta a ɗaya gefen gari. Aka kwashe shagon. Kwamfutar kuwa Baban Firji ya ɗauko da hannunsa, ya haɗa ta da batir tun kafin ya cire ta daga bango domin kada ta mutu a hanya, ya zagayo da ita taku kaɗan zuwa bayan katakonsa, ya ajiye kusa da tasa. Bai taɓa maɓallin ba. Inda Mai Agogo ya bar shi, can hagu, nan ya zauna.

Daga nan wata al'ada ta tsiro a gidan Auta. Duk ƙarshen mako tana buɗe allon a wayarta, mahaifinta ya yi tambaya biyu.

"Kore?"

"Kore, Baba."

"Ja?"

"Babu."

Sai ya rufe ido. Auta ta ce a duk mako babu lokacin da fuskarsa take sakewa kamar wannan. Agogunan mutane sun tafi, shago ya tafi, hannun dama ya tafi. Abin da ya rage yana aiki da sunansa a duniya shi ne katin nan.

Bara masu binciken suka canza tsari. Sababbin katuna sun yi ƙarfi, don haka suka ƙara girman kowane yanki, suka rage wa'adin mayar da shi. Wanda ya makara za a duba amsarsa, amma ba maki, kuma ba a lissafa shi cikin masu aiki. Katin Baban Firji sabo ne, bai ji komai ba. Tsohon katin Mai Agogo kuwa, da gudunsa na mai tafiya masallaci da wuri, ya fara kai aiki bayan an rufe ƙofa. Baban Firji ya duba allo ya ga koren ya fara yin haske-haske. Ya san idan aka ci gaba a haka, wani ƙarshen mako Auta za ta buɗe waya ta rasa abin faɗa.

Ya yi abin da ya iya. Ya kwance katin, ya kankare tsohon man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen da ke zuƙe zafi, wanda ya bushe kamar alli, ya shafa sabo. Ya kawo fankar firiza ya kafa a gefe, ya yi mata hanyar iska da gwangwani, irin wadda ya yi wa Mai Kafe a farkon zance. Sannan ya kama maɓallin da ba a taɓa ja dama ba, ya ja.

Katin ya ɗauka. Aiki ya fara isa a kan kari, suna ya koma kore shar. Baban Firji ya ce har wani daɗi ya ji, irin na da. Tsohon kati ashe yana da gudu a cikinsa, mai shi ne ya hana shi. Makonni suka wuce a haka. Rannan da safe ya buɗe allo ya ga ɗigo ja a gaban sunan Mai Agogo.

Ya rage gudu kaɗan. Aiki ya makara. Ya ƙara kaɗan. Ja na biyu ya hau. Ya canza mai, ya ƙara fanka, ya bar ƙofar shago a buɗe, ya gwada duk wani tsani da ke tsakanin inda maɓallin yake a da da inda ya kai shi. Babu tsakiya. Katin ya tsufa: in ya yi daidai ba ya isa, in ya isa ba ya yin daidai. Kafin ya yarda da haka, ja ya zama huɗu.

Umman yara ta lura ya daina cin abinci sosai. Da ya faɗa mata, ba ta yi dogon zance ba.

"Kayansa ne ko naka?"

"Nasa."

"To je ka tambaye shi mana. Bakinsa ne ya shanye, ba hankalinsa ba."

Bai je ba. Yana ta juya wata dabara a ransa, wato ya sa nasa sabon katin ya riƙa aiki da sunan abokinsa, shi nasa sunan ya dushe. Yana cikin wannan Auta ta kira.

"Kawu, Baba ya ce ka zo."

"Ya gani?"

"Na so in tsallake. Ya ce ja, na yi shiru, sai ya miƙo hannun hagu ya karɓi wayar. Ka san shi."

Ɗakin Mai Agogo a gidan Auta ƙarami ne, gado a jikin taga, kujerar roba ɗaya, kwalaben magani a kan tire. A bango akwai agogo uku da ta ɗauko daga shagon, tana murɗa musu makulli duk safiya domin ya ji motsinsu. Baban Firji ya yi sallama, ya zauna a kujerar, ya tambayi jiki. Mai Agogo ya daɗe yana kallonsa da ido ɗaya da ya fi buɗewa.

"Gagga'."

"Na'am, Yaya."

"Ka zuga."

"Na zuga."

"Jaki."

Auta, wadda take tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Haba Baba, baƙo ne fa."

"Bar shi, 'yata," in ji Baban Firji. "Wannan ai gaisuwa ce. Da can abin da yake ce mini ya fi haka."

Ya yi masa bayanin sabon tsarin, da wa'adi, da duk abin da ya gwada. Mai Agogo yana ji, yana motsa yatsun hagu a kan bargo kamar yana juya ƙaramin sukurudireba. Da ya gama, Baban Firji ya kawo dabararsa.

"Ga nawa katin, sabo ne. In mayar da shi sunanka. Ba zai makara ba, kuma wallahi ba zan zuga shi ba."

Gefen bakin Mai Agogo mai motsi ya ɗaga.

"Kai? Ba zuga?"

"Na rantse."

"Ƙarya." Ya huta, ya tattaro numfashi. "Sunana. Katina."

"To ya za a yi? In na mayar da shi inda ka bar shi, ba zai riƙa isa ba. Sunan zai dushe, Yaya."

Mai Agogo ya ɗaga hannun hagu, ya nuna hannun dama da ke kwance a kan bargo, ya nuna bakinsa.

"Ni fa?"

Baban Firji ya gane nufinsa: ai shi ma mai sunan ya dushe. Agogunan bango suna ta tafiya, ɗaya yana ɗan gaban sauran.

"Mayar," in ji Mai Agogo. "Hagu. Ya gama na hannu. Daidai. Sai ka kashe."

Baban Firji ya ce to. Da ya miƙe zai tafi, Mai Agogo ya nuna agogon tsakiya da haɓa, ya ce wa Auta, "Yana sauri." Ta ce ta sani, Baba, kullum sai ka faɗa.

Ya koma shago ya cire fankar firiza da gwangwanin. Ya ja maɓallin hagu, har inda ya tarar da shi ranar da ya ɗauko kwamfutar. Ƙarar iska ta kwanta, sai ga tik, tik, tik ta fito, wadda ya ce tun da ya fara zugar bai ƙara jinta ba, hayaniyar fankar firiza ta danne ta, shi kuma bai lura ba. Katin ya ɗauki yankin ƙarshe ya yi shi a nitse. Wa'adi ya zo ya wuce, yana yi. Baban Firji yana gaba yana cika wa firjin mutane gas, yana leƙowa. Da ya gama ya mayar, allon ya nuna abin da aka zata: an makara, babu maki, amsa daidai. Ya ɗauki hoton wurin da waya ya tura wa Auta, sannan ya danna maɓallin kashewa. Ya ce bai san inda maɓallin yake ba sai da ya laluba, domin bai taɓa kashe ta da shi ba, ko da zai canza mai waya yake zarewa.

Bayan ɗan lokaci sunan ya dushe, ya sauka kusa da na Mai Kafe. Jajayen huɗu suna nan, kuma za su zauna. Baban Firji ba ya kewaye wannan zance. Ya ce shekara goma sha biyu mutum ya yi bai ɓata ko ɗaya ba, shi ya ɓata masa huɗu a wata biyu, kuma da niyyar alheri.

Abin da bai yi tsammani ba shi ne shirun. Tasa kwamfutar tana nan tana huci, amma kunnensa ya ci gaba da neman ɗaya ƙarar. Daga can gidan kuma Auta ta ce ƙarshen mako ya zama kamar sauran kwanaki. Baba ba ya tambayar komai, yana juya fuska bango.

Watan jiya Baban Firji ya ciro katin daga akwati, ya kwance ƙananan sukurori huɗu, ya raba fankar da jikinsa. Ya samo guntun katako ya goge, ya kafa ta a kai a tsaye, ya yanke wayar tsohuwar cajar waya ya haɗa. Da ya sa a wuta ta juya a hankali, ƙasa da gudunta na da, amma ƙarar tana nan. Ya naɗe ta a tawul ya hau mota zuwa gidan Auta, ya ajiye a kan tiren magani, ya jona.

Mai Agogo ya juyo daga bango. Ya saurara har Auta ta fara tunanin ko barci ya ɗauke shi.

"Mai," in ji shi.

"Me ya ce?" in ji Baban Firji.

"Wai tana son mai, Kawu."

"Ikon Allah. Na haɗo maka abu tun daga kasuwa, ko sannu babu, sai mai?"

"Naka?" in ji Mai Agogo.

"Nawa yana gudu."

"Ja?"

"Biyu, wannan watan."

"Jaki."

Layin Baya tana nan a allon, can ƙasa, suna ɗaya kore, biyu a dushe. Baban Firji ya ce ba shi da niyyar rage wa katinsa gudu, shekarunsa sun wuce na canza hali. Ranar Asabar da ta wuce ya rufe shago da wuri, ya bincika kwalin tarkacen da Auta ta bar masa lokacin kwashe shagon mahaifinta, ya samo 'yar kwalbar man agogo da sauran kaɗan a gindinta. Ya kai gidan, ya cire fankar daga wuta, ya ɓare takardar da ke bayanta. Ya tsoma bakin allura a man, ya sa allurar a hannun hagun Mai Agogo, sannan ya riƙe fankar da hannu biyu kusa da fuskarsa, bai motsa ba har ɗigon ya sauka.